Ɗalibi da annoba: abin da ya kamata ku sani kafin wata ta sake ɓullowa

A ranar 19 ga Maris 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da umarnin rufe manyan makarantun ƙasar nan saboda korona. Kafin mako ya zagayo ɗakunan kwanan ɗalibai sun zama wayam. 'Yan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, wadda kowa ya fi sani da Poli, suka kama hanyar garuruwansu. 'Ya'yan Kaura da Shinkafi da Zurmi masu karatu a Sakkwato da Zariya da Kano da Gusau da Dutsin-Ma su kuma suka cika tashoshi suna neman motar gida. A ranar, waɗanda aka tabbatar sun kamu a duk faɗin Nijeriya ba su kai ashirin ba, kuma babu ko ɗaya a Zamfara, shi ya sa da yawa suka ɗauki abin a matsayin hutun da ba su roƙa ba. Mako shida bayan haka, ranar 3 ga Mayu, Sarkin Kaura Namoda, Alhaji Muhammad Ahmad Asha, ya rasu a Asibitin Yariman Bakura da ke Gusau, inda aka killace shi bisa zargin cutar. Abin da ake ji a rediyo daga Sin da Italiya ya iso ƙofar gida.

Ɗaliban jami'a sun daɗe a gida fiye da kowa, domin yajin aikin ASUU ya haɗu da annobar, bai ƙare ba sai ƙarshen Disamba, aka koma aji a Janairun 2021. Wata goma ke nan matasa masu waya a hannu da ɗan ilimi a ka suna zaune cikin iyayensu. Ɗalibin da ya dawo gida lokacin annoba abu biyu yake ɗauke da su: numfashinsa da bakinsa. Da numfashin yana iya kai wa kakarsa cuta bai sani ba. Da bakin kuma, tun da shi ne ɗan bokon gidan, shi ake tambaya, "Wai da gaske ne abin nan?" Amsar da ya bayar tana iya sa gida guda ya karɓi riga-kafi ko ya rufe wa ma'aikatan lafiya ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayu 2023, amma ba wanda ya ce ita ce annoba ta ƙarshe, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu fara da yadda cutar take tafiya, domin a nan ne aka fi yin kuskure. Ƙwayar bairos irin ta korona da mura mai tsanani da ƙyanda tana fitowa ne tare da numfashin mai ɗauke da ita. Ba sai ya yi tari ko atishawa ba. Magana da dariya da waƙa duk suna fitar da ita cikin ɗigo-ɗigon da ido ba ya gani. Manyan suna faɗuwa kusa, ƙananan kuwa suna tsayawa a iska. Ku tuna hayaƙin maganin sauro na kunnawa: a tsakar gida iska ke kwashe shi, ba a ko jin sa, amma a ɗakin da aka rufe taga da ƙofa, cikin rabin awa ya cika ko'ina, na kan gado da na ƙasa duk sun shaƙa. Haka take yi. Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci ba ita ce ko na taɓa hannun wane ba. Tambayar ita ce: mu nawa ne a ɗakin, awa nawa muka yi, kuma iska tana shiga tana fita?

Abu na biyu shi ne lokaci. Daga ranar da korona ta shiga jiki zuwa ranar da alama ta bayyana, a farkon annobar, galibi kwana biyar ne ko shida, wani lokaci har goma sha huɗu, wanda shi ne asalin killacewar mako biyu. Mutum yana fara yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin shi kansa ya ji wani abu. Matashi ɗan shekara ashirin da biyu sau da yawa ba abin da zai ji sai ɗan kasala da mura, ko ya daina jin ƙamshin miya na 'yan kwanaki, ya warke. Wanda take kayarwa shi ne wanda ya haura sittin, da mai ciwon suga, da mai hawan jini, da mai ciwon zuciya ko na huhu. Lokacin da mace-mace suka yi yawa a Kano a Afrilun 2020, binciken da Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana a watan Yuni ya ƙirga mutum 979, ya danganta kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari da korona, kuma mafi yawansu sun haura shekara 65. Ɗalibin da ya ce ba ya tsoron cutar ya yi gaskiya game da jikinsa. Ba don kansa ake ce masa ya kiyaye ba.

Sani bai yi wa ɗalibanmu ƙaranci ba. Duk wanda ka tsayar a wancan lokaci zai zayyano maka ƙa'idojin tiryan-tiryan: wanke hannu, sa takunkumi, ba da tazara. Aikatawa ce ta yi wuya, kuma ba taurin kai ne kaɗai dalili ba. An rubuta ƙa'idojin ne da tunanin mutumin da yake da ɗakinsa shi kaɗai da famfo mai zuba. Ku shiga ɗakin kwanan ɗalibai da dare a lokacin hunturu. Ɗakin mutum huɗu ne, amma takwas ke ciki, domin kowa yana da ɗan garinsu da bai sami gado ba. Katifu a ƙasa, risho a lungu, an toshe taga da kwali ko tsohon zani saboda ƙura da sanyi. Ruwan da ke cikin jarka saye aka yi daga 'yan garuwa, na sha ne da girki da alwala. A bakin ƙofar makaranta akwai bokiti mai famfo da aka ajiye ranar da aka dawo, ranar da manya suka zo dubawa. Bayan mako uku ya bushe, sabulun ya ɓace, mai gadi yana cewa a sa takunkumi, ɗalibi ya ja shi zuwa hanci ya wuce ƙofa, ya mayar da shi ƙarƙashin haɓa. A ce wa mai wannan rayuwa ya ba da tazarar mita biyu, an ba shi umarnin da ba zai iya bi ba, kuma wanda aka saba ba shi umarnin da ba ya biyuwa, a ƙarshe har mai biyuwar yake watsarwa.

To me yake biyuwa? A ganina babu abin da ya kai iska araha da amfani. A buɗe taga biyu masu fuskantar juna, ko taga da ƙofa, ko da ana sanyi. Gara a ƙara bargo. Fanka a rufaffen ɗaki ba ta sauya iska, juya ta kawai take yi daga wannan gado zuwa wancan. Karatun rukuni da hira a mayar da su gindin bishiya ko baranda. Kwanan waje da muke yi a bazara saboda zafi kariya ce babba. A ɗakin lakca mai ɗaukar ɗaruruwa, wakilin aji yana da ikon ya tabbatar an buɗe duk tagogi kafin malam ya shigo, kuma ba ya buƙatar takarda daga ofishin kowa.

Takunkumi kuma a san inda yake aiki. Mai tafiya shi kaɗai a rana bai buƙatarsa. Inda ake buƙatarsa shi ne cikin mota, da aji mai cunkoso, da asibiti, da ɗakin mara lafiya. Motar haya daga Gusau zuwa Kaura, ko daga Kaura zuwa Shinkafi ranar Alhamis ta kasuwa, biyu a gaba huɗu a baya, gilashi a ɗage saboda ƙura: wannan awa ɗaya ko biyu ta fi yini guda a filin makaranta haɗari. A sa shi ya rufe hanci da baki, a sauke gilashi ko da kaɗan. Na asibiti ya fi na yadi tacewa, amma na yadi mai ninki biyu ko uku da telan unguwa ya ɗinka ya fi babu nesa ba kusa ba, muddin ana wanke shi. Wanda ya fi kowa cancantar sa shi shi ne mai tari da kansa.

Wanke hannu ba shi ne babban makami a kan cutar da ke bin iska ba, amma kada a raina shi, domin shi ne ke tare kwalara da gudawa, kuma Zamfara ta sha fama da kwalara a 2021. Sabulu yana narkar da kitsen da ya lulluɓe ƙwayar korona, idan an cuɗa na daƙiƙa 20. Mu da muke alwala sau biyar a yini mun riga mun sami lokutan. Guntun sabulu kusa da buta shi ne abin da ya rage. Al'adar da ya kamata a bari ita ce ta kwanon wanke hannu guda da mutum shida za su tsoma kafin cin tuwo, na ƙarshe ya wanke da dauɗar biyar. A zuba ruwan daga buta, kowa da nasa.

Sai ranar komawa gida. Al'ada ce ɗalibi ya ajiye jaka ya wuce ɗakin tsohuwa ya zauna gaishe ta, kuma ɗakin tsohuwa shi ne mafi ƙarancin taga a gidan. Idan ana annoba, a yi gaisuwar a tsakar gida, a shimfiɗa mata tabarma a inuwa, a yi hirar a can. Kwanakin farko kada a kwana ɗaki ɗaya da dattijo ko mai ciwon suga. Ba rashin ladabi ba ne, kuma idan aka yi mata bayani da lafazi mai daɗi, ita ce za ta fara sa albarka.

Akwai wata ɗabi'a da ta fi duk waɗannan haɗari, kuma ta riga korona zuwa. Kowane zazzaɓi a wurinmu maleriya ne, in ya ƙi tafiya ya zama taifot. Ɗalibi ya ji jikinsa ya yi zafi, ya aiki abokinsa kemis, a haɗo masa maganin maleriya da farasitamol da kafso, ya haɗiya ya tafi aji. Maganin kashe ƙwayoyin bakteriya, wato su kafso da ire-irensu, ba ya taɓa bairos ko kaɗan; shan sa barkatai sai dai ya sa ya daina aiki ranar da ake buƙatarsa da gaske. Gwajin maleriya na ɗigon jini ba ya wuce minti 20. Idan ya nuna babu, to wani abu ne daban, kuma asibiti ne wurin gano shi.

Mutanen Zurmi sun san abin da jinkiri yake jawowa. A Disambar 2016 sanƙarau ya ɓulla a ƙaramar hukumar, amma labarin bai kai ga hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a Abuja ba sai a Fabrairun 2017. Kafin a shawo kansa a watan Yuni, an ƙirga mutum 14,518 da ake zargin sun kamu a faɗin ƙasa, 1,166 suka rasu, kusan rabin masu cutar 'yan Zamfara ne, kuma yara 'yan shekara 5 zuwa 14 suka fi shan wahala. Nau'in C ne, alhali riga-kafin da aka yi wa jama'a a shekarun baya na nau'in A ne. Sanƙarau ɗin nan bakteriya ce ke kawo shi, ba bairos ba, yana da maganin allura mai aiki, amma yana iya kisa cikin yini guda. Shi ma numfashi da cunkoso yake bi, shi ya sa makarantun kwana da ɗakunan ɗalibai suke cikin wuraren da ya fi so daga hunturu zuwa faɗuwar damina. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba na kemis ba ne, ba na jira gari ya waye ba ne. Haka ma numfashi sama-sama, ko ciwon ƙirji, ko rikicewar hankali ga mai mura.

Dalilin da ya sa ɗalibi ke ɓoye ciwo sananne ne: jarrabawa. Wanda ya san in ya kwanta zai maimaita kwas, ya ƙara shekara, ya ƙara wa mahaifinsa kuɗin makaranta, zai shiga zauren jarrabawa ko da rarrafe, ya zauna awa uku yana tari cikin mutum ɗari biyu. Ba wa'azi ne zai hana shi ba. Abin da zai hana shi shi ne tabbacin cewa takardar asibitin makaranta za ta ba shi damar rubuta jarrabawar daga baya ba tare da yawon ofis-ofis ba. Ƙungiyoyin ɗalibai da suke da murya kan kuɗin makaranta da wutar lantarki, wannan ma haƙƙi ne da ya cancanci su tsaya a kai tun lafiya lau, tare da ruwa a ɗakunan kwana da ɗaki ko biyu da za a keɓe wa masu zazzaɓi.

Mu dawo kan baki. Maganganun da suka yi yawo a 2020 kowa ya ji su: cutar masu kuɗi ce, ba ta kama talaka, zafin ranarmu yana kashe ta, gwamnoni ne ke neman kuɗi da ita, allurar kuma ta hana haihuwa ce. Kuskure ne ɗalibi ya ɗauki masu faɗin haka jahilai. Sunayen da aka fara ji na manya ne, Abba Kyari da gwamnonin Bauchi da Kaduna, domin su ne suke fita waje kuma su ne gwaji ya fara isa gare su. A Oktoban 2020 jama'a sun ga rumbunan da aka tara kayan tallafin korona a jihohi da dama alhali ana kwana da yunwa. Dattijon da ke shakkar allura yana tuna 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano ana tsakiyar annobar sanƙarau, yana kuma tuna 2003 da aka dakatar da riga-kafin shan inna a wasu jihohin Arewa, har da Zamfara. Mutumin Zurmi ko Shinkafi da ya bar gonarsa saboda 'yan bindiga, idan ya ce ga abin da ke kashe mu nan ba a kula ba sai mura, ya faɗi abin da ke cin ransa, kuma yana da gaskiya a rabin maganar.

Sauran rabin shi ne aikin ɗalibi. Rashin tsaron ne ma ya sa annoba ta fi mana haɗari: ƙauyuka sun watse sun cunkushe a garuruwa, iyalai da yawa a ɗaki guda, yara da yawa ba su sami allurar ƙyanda ba, ga tamowa da ƙungiyar likitoci ta MSF ke jinya a asibitocin Shinkafi da Zurmi. Dakatar da riga-kafin 2003 ya sa shan inna ya sake bazuwa, har ya tsallaka wasu ƙasashe, kuma riga-kafin da aka koma yi ne ya kai ga ranar 25 ga Agusta 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Allurar korona ta iso Nijeriya ranar 2 ga Maris 2021, kusan miliyan huɗu a zubin farko, miliyoyin 'yan ƙasa suka karɓa, ana kuma ci gaba da haihuwa da bikin suna a kowace unguwa. Ciwon hannu da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu bayan allura alama ce jiki yana koyon faɗa. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon riga-kafin sanƙarau mai kare nau'i biyar, har da C ɗin da ya ɓarke a Zurmi. Duk ɗalibin da zai shiga ɗakin kwana ya kamata ya tambaya ko ana yin sa a yankinsu.

Idan maganar ta koma ta ƙaddara, to addini yana tare da mai kiyayewa. Koyarwar Manzon Allah (SAW) ce kada a shiga garin da annoba ta ɓulla, wanda ke ciki kuma kada ya fita. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, bai ga hakan ya saɓa wa tawakkali ba. A zamaninmu, alhazan Nijeriya ba su sami zuwa Hajji ba a 2020 da 2021 saboda wannan dalili. Ɗalibin da ya kawo wa mahaifinsa waɗannan cikin ladabi, ko ya roƙi limamin unguwa ya taɓo su bayan sallah, ya fi wanda ya tsaya yana cewa kimiyya ta ce samun kunne.

Waya kuma a yi mata linzami. A Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ɗaya ya zagaye ƙasar nan cikin dare cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi. Mutane suka mutu, wasu suka kwanta asibiti, ba Ebola ce ta taɓa su ba. A Maris 2020 an kwantar da mutane a Legas saboda shan kulorokwin fiye da kima. Saƙon murya na WhatsApp da ba a san mai shi ba, wanda ya ƙare da a tura wa kowa, a tsayar da shi a nan. Ɗalibi ya fi kowa a gidan iya duba shafin NCDC ko sauraron sanarwar Ma'aikatar Lafiya kafin ya danna turawa.

NCDC tana da lambar kira kyauta, 6232. Amma mu a nan mun ga ranar da waya ba ta da amfani: a farkon Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a duk Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, garuruwan arewacin jihar suka yi makonni babu kira babu intanet, shekarar da kwalara ke ci. Saboda haka a san hanyar da ƙafa ke kaiwa. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka a sashen lafiya na sakatariya, kuma kowane asibitin gwamnati da ɗakin shan magani yana da hanyar kai masa rahoto. Mai unguwa da hakimi ma suna isar da saƙo. Idan mutum uku ko huɗu a ɗaki ɗaya, ko a layi ɗaya, suka kwanta da alamu iri ɗaya cikin 'yan kwanaki, ko wani ya rasu farat ɗaya bayan zazzaɓi, a je a faɗa ranar, kada a jira na biyar. Abin da jami'in zai so ji kaɗan ne, kuma ɗalibi ya iya rubuta shi a takarda guda: sunan unguwa ko ɗakin kwanan, mutum nawa ne, shekarunsu, ranar da na farko ya fara, alamun da aka gani, da ko wani cikinsu ya yi tafiya ko ya yi jinyar mara lafiya a makonni biyun da suka wuce.